Harafi Ɗaya a Saƙon Tafada

Ku matso kusa, ku kife wayoyin nan a kan tabarma. Labarin waya zan ba ku, amma da kunne ake jin sa, kuma in na kai ƙarshe ku ne alƙalai.

A garinmu an yi wasu 'yan mata da suka haukace a kan wani labari da ake saki kashi-kashi a waya, wai shi Ayarin Gamzaki. Labarin wani kumbo ne da ya kwashi mutane zai kai su wata duniya can bayan taurari. A cikinsa akwai Inno mai koyon tuƙi, da Tafada mai gyaran inji, dukansu mata, da wani saurayi Gambo da marubucin yake ta cusawa tsakaninsu kamar tsakuwa a shinkafa. Masu son labarin suna da guruf, wato zaurensu na hira a waya, kuma ba sa zaman jiran marubuci. Kowa ɗora nasa ci gaban yake yi yadda ransa ya so.

Cikin masu ɗorawar akwai Raliya, 'yar shekara goma sha bakwai. Ita da ƙawarta Nusaiba sun daɗe da raba sunayen: Raliya ce Tafada, Nusaiba ce Inno, haka suke kiran juna har a makaranta. Raliya tana son Nusaiba, irin son da ke hana mutum gama tuwonsa, amma ko da wasa ba ta taɓa furtawa ba. Wanda ke gyara zama zai yi mini tambaya a nan ya haɗiye ta, ba ita ce shari'ar yau ba.

Sai ga labari an canja wa baban Nusaiba wurin aiki, za su koma Damagaram ranar Asabar da hantsi. A makon kuma guruf ya sa gasa: labarin da ya ci, za a karanta shi da murya a tura wa kowa. Raliya ta ga ƙofarta ke nan. Ta rubuta yadda Tafada ta maƙale a ɗakin inji, iska tana ƙare mata, ta ɗauki abin magana da ke kai sauti ko'ina cikin kumbo ta ce, "Ina son ki." Ba ta sa suna ba. Kun san mu da kunya, ba ma kama sunan wanda muke so. Saƙon gaba ɗaya yana rataye ne a kan wannan "ki". In Nusaiba ta ji shi kafin mota ta tashi, ta ji. In ba ta ji ba, shi ke nan, Raliya ba za ta sake samun ƙarfin hali ba.

Raliya tana da ƙawaye uku: Zinatu, Hibbatu da Shamsiyya. Ba ta gaya wa kowacce komai ba, su ma ba su tambaya ba, amma ba makafi ba ne.

Ranar Litinin da za a rufe karɓa, ruwan sama ya tare Raliya a hanya, littafin da ta rubuta labarin ya jiƙe sharkaf, tawada ta zama kunu. Ta zauna tana kuka, ta ce ko kashe ta za a yi ba za ta iya sake haɗa shi ba. Zinatu ce ta cece shi. Sau ɗaya tak Raliya ta taɓa karanta mata, amma Zinatu ita ce gwanar hadda a Islamiyyarsu. Ta rufe ido tana jijjiga kamar mai tilawa, tana zubo labarin tana bugawa a waya, shafi tara, har da wurin da Raliya ta yi kuskuren rubuta sunan inji. Ana kiran la'asar ta tura. Da babu Zinatu, da babu labari.

Ranar Alhamis aka sanar labarin Raliya ne ya ci, aka liƙa shi a guruf. Kowa ya shiga taya murna, ita kuwa Raliya farin ciki ya hana ta dubawa. Hibbatu ce kaɗai ta karanta har ƙasa, don ita ko takardar ƙosai ta samu sai ta karanta. A layin ƙarshe ta ga an rubuta, "Ina son ka." Ashe Anti Kubura, mai kula da guruf, wadda ba ta iya ganin kuskuren rubutu ta wuce, ta ɗauka hannu ne ya zame, tunda mace ce ke magana. Da zuciya ɗaya ta gyara, ta miƙa wa Gambo saƙon da ba nasa ba. Hibbatu ta kira, waya a kashe. Ta saɓi mayafi ta taka har gidan Anti a bayan kasuwar hatsi cikin tsakar rana.

"Anti, kin gyara abin da bai ɓaci ba."

"Ke 'yar nan, ni za ki koya wa Hausa?"

"Wace ni, Anti. Amma duba shafi na huɗu. Gambo yana tsaye a bakin ƙofar ɗakin inji. Mai son yi masa magana me za ta yi da abin magana?"

Anti Kubura ta koma ta karanta, ta dubi Hibbatu ta saman tabarau. Hibbatu ba ta ambaci sunan kowa ba. Anti ta ce, "Abin da mai shi ta rubuta shi za a karanta," ta mayar da harafin. Da babu Hibbatu, da Nusaiba ta tafi tana zaton ƙawarta wani take so.

Saura karatu. Wadda ta saba karanta wa guruf ta ga layin ranar Juma'a, ta ce mura ta kama ta. Ta biyu ta ce wayarta ba caji. Ni ban ga laifinsu ba, murya ba ta ɓuya, kuma garinmu ƙarami ne. Asabar ta waye babu mai karantawa. Shamsiyya, wadda ko a aji ba ta iya tashi ta yi magana, ita ce ta shige ɗakin girki ta ja ƙofa ta danna ɗaukar murya a wayarta. Muryarta ta yi karkarwa a shafin farko, ta daidaita a na uku. Da ta zo layin ƙarshe ba ta haɗiye shi ba, ba ta yi sauri ba, ta faɗi "ki" ɗin nan tas, ta tura wa mutum ɗari uku da suka san muryarta. Da babu Shamsiyya, da labarin yana nan kwance a waya, mota ta tafi.

Lokacin an gama ɗaure kaya a tasha. Nusaiba tana zaune a gefen taga da abin sauraro a kunne, Raliya tana tsaye cikin 'yan rakiya tana kallon ƙasa. Direba ya tayar da mota, sai Nusaiba ta ce a dakata mata. Ta sauko, ta ratsa mutane, ta kama hannun Raliya ta ce a hankali, "Tafada, saƙo ya iso ɗakin tuƙi. Ni ma ke nake so." Manya suka ce Allah sarki, ƙawance. Raliya ta dawo gida tana dariya tana hawaye, ranar ta cinye tuwonta har da neman ƙari. Ni da na gan ta, wallahi sai da na ji daɗi.

Bayan mako biyu marubucin Ayarin Gamzaki ya ji karatun, ya aiko cewa akwai sabon kumbo da zai shigo labarin, kuma Raliya ce za ta raɗa masa suna. Ta ce sunan ɗaya daga cikin ƙawayenta za ta sa. Ga kumbo ɗaya, ga mutum uku: wadda ta haddace, wadda ta gano harafi, da wadda ta ba da muryarta.

To, sunan wa ya kamata a rubuta a jikin kumbon nan?