Manomin da Ya Tsallake Tsakiyar Wasiƙa

Akwai wani manomi a wani ƙauye wanda shi ne yake karanta wa mutane wasiƙunsu. Karatunsa a hankali ne, yana bin layi da yatsa, amma ba wanda ya taɓa kuka da shi. Wata shekara ya tafi cin rani birni, a can wani ya koya masa dabarar karatu da sauri: ka kama farkon magana, ka kama ƙarshenta, sauran ka bar ido ya zame a kai. Ya dawo gida yana hura hanci, har yana yi wa masu bin layi da yatsa dariya, kamar ba jiya-jiya ya daina ba.

A ƙauyen akwai wata gwauruwa, sunanta Briskila. Ɗanta ɗaya ne, Kefas, shi ma sun rabu ba daɗi, ya tafi birni shekara uku ba labari. Ran nan sai ga wasiƙa daga wurinsa. Ta ɗauka, ta je ta iske manomin a gindin bishiya cikin jama'a.

Da ya ga idanu a kansa, sai ya ga ranar nuna gwaninta ta zo. Ya dubi layin farko, ya juya takarda, ya dubi na ƙarshe, ya miƙa mata.

"Mama, gaisuwa ce. Yana lafiya, ya ce a gaida kowa da kowa."

"Ɗana, takarda biyu cur, duk gaisuwa ce?"

"Haka mutanen birni suke, Mama, surutu ne kawai."

Wannan abu yana ba ni haushi ƙwarai. Wa bai san yadda muke rubuta wasiƙa ba? Ko mutum yana bakin mutuwa, da "ina lafiya" zai fara. Maganar da ta yi masa nauyi kuwa, can tsakiya yake ɓoye ta. Manomin ya san haka sarai, shi da ya yi shekaru yana karanta wasiƙun mutane.

Bayan mako uku aka aiko cewa Kefas ya rasu a asibiti. A wurin zaman makoki Briskila ta fito da wasiƙar, ta roƙi matar fasto ta karanta mata, ko ta ƙara jin maganar ɗanta. Matar ta karanta kalma bayan kalma. Da ta kai tsakiya, ga abin da ke rubuce: "Mama, ina kwance a asibiti, jikin ya yi tsanani. Kunya ce ta hana ni faɗa tun farko. Ki gafarta mini abin da na faɗa miki ranar da na tafi. Ki zo in gan ki."

Briskila ta juya ta dubi manomin, ta ce, "Da ka ce mini sauri kake yi, ai da na kai wa wani."

To, ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Wasiƙar nan Maganar Allah ce, manomin kuwa mu ne. Koyon karatu da sauri ba zunubi ba ne. Ɗalibi mai jarrabawa ya koya, ma'aikaci mai tarin takardu ma ya koya, zai amfane su. Amma na gaji da jin wasunmu suna fahariya cewa sun gama sura goma kafin ruwan shayi ya tafasa, in ka tambaye su me Ubangiji ya ce, sai su ce, "Ai albarka ce." Sun kama alkawari a farko, sun kama amin a ƙarshe, sun tsallake wurin da aka ce su tuba, su je su shirya da ɗan'uwansu.

Ku kuma da kuke karanta wa tsofaffi da yara a gida da coci, ku ji tsoron Allah. Wanda ba ya iya karatu, abin da ka faɗa masa shi ne kaɗai ya sani. Ranar shari'a ba za a tambaye ka shafi nawa ka gama ba. Za a tambaye ka wanda ya yi kira a cikin shafin, ka ƙi tsayawa ka ji.