Notin da Habila Ya Karya

An yi wani manomi a wani ƙauye da ke bakin kogi, sunansa Habila. Da damina yakan noma dawa, da rani kuma ya sauka fadama ya yi tumatir. Amma abin da ransa ya fi so shi ne ƙarfe. Ba sana'arsa ba ce, sha'awa ce kawai. A bayan ɗakinsa yana da rumfa, a ciki akwai tsohon akwati cike da sufana iri-iri, da filaya, da guduma. In keken ɗinkin matarsa Afiniki ya cije, ko injin markaɗen maƙwabta ya ƙi tashi, wurinsa ake kawowa, ya zauna a kai yana 'yar waƙarsa har abu ya gyaru.

Habila kuwa ba ya rowar abin da ya sani. Duk wanda ya tsaya kallo sai ya koya masa. Yakan ce kada mutum ya taɓa inji yana da zafi, kada kuma ya buɗe shi kafin ya share dattin da ke bayansa, gama ƙasa in ta shiga ciki ta fi lalacewar farko ɓarna. Notunan da ka cire, ka jera su a faifai yadda ka ciro su. Abin da ya fi nanatawa kuwa shi ne batun noti mai tsatsa. Ya ce ba a yi masa ƙarfi. A goge shi da buroshin waya, a zuba masa kananzir da baƙin mai, a bar shi ya kwana. Da safe a ɗan ƙwanƙwasa kansa, a sa sufanar da ta yi daidai da shi, a juya gaba kaɗan, baya kaɗan, har ya saki don kansa.

Yana da injin ban ruwa wanda yake ji da shi ƙwarai. Wata shekara, wajen ƙarshen rani, ƙanensa Irmiya, wanda suke gida ɗaya da shi, ya roƙi aron injin don ya ƙarasa shayar da albasarsa. Habila ya ba shi, ya gargaɗe shi cewa in ya gama ya tsiyaye ruwan ciki, ya adana shi a inuwa. Irmiya ya ce to. Amma da ya kwashe albasa, sai ya ajiye injin a bukkar gona, ya shiga hidimar shuka, ya manta. Rufin bukkar ya yaye, damina duka ta ƙare a kan injin.

Da rani ya zagayo, Habila ya yi dashen tumatir, ya ce a kawo masa injinsa. Irmiya ya kawo shi a baro, kansa a sunkuye. Habila ya ja igiya, ta ƙi motsi. Ya leƙa ta bakin tiyo, ya ga laka ta bushe a ciki, farfelar da ke tura ruwa ta manne da tsatsa. Notunan murfin kuwa sun yi ja wur.

Zuciyarsa ta tashi. Ya tuna yadda ya yi shekaru yana tattalin injin nan, yana canja masa mai a kan kari, yana lulluɓe shi da buhu. Ya tuna dashensa da ke can cikin rana yana jiran ruwa. Ya dubi ƙanensa, ya ga mutum ne mai mata da 'ya'ya, amma abu ƙanƙane kamar tsiyaye ruwa ya gagare shi. Irmiya ya yi ta ba da haƙuri, ya ce laifinsa ne, ba shi da abin cewa. Habila bai kula shi ba. Ya jawo akwati da ƙarfi, sufanu suka watse a ƙasa, ya ɗauki wadda hannunsa ya fara taɓawa ya ɗora a kan noti. Ta yi masa girma, ta zame, ya ƙuje yatsunsa a jikin ƙarfe har jini ya fito.

Irmiya ya ce a hankali, "Yaya, da an jiƙa shi da kananzir ya kwana. Ni zan ɗebi ruwa da bokiti in shayar da dashen yau."

Wannan magana ita ta ƙarasa tunzura Habila. Wato shi za a koya wa gyara, da bakin wanda ya yi ɓarnar, da kalmomin da shi kansa ya koyar? Ya ɗauko wani dogon bututun ƙarfe, ya zura a ƙotar sufana, ya danna da dukan nauyinsa. Aka ji ƙas. Kan notin ya faɗi ƙasa, gindinsa ya rage a ciki. Afiniki ta fito daga madafa tana roƙonsa ya bari ya sha ruwa tukuna, ya daka mata tsawa ta koma. Sa'an nan ya ɗauki guduma ya shiga dukan murfin don ya ɓalle shi. Murfin kuwa farin ƙarfe ne marar nauyi, ba ya jure duka. Bai daɗe ba ya tsage daga sama har ƙasa.

Habila ya tsaya yana huci, yana duban tsagar. Ya san hannun wa ya yi ta, sanin nan kuma ya ƙara masa fushi. Maƙwabta sun riga sun taru a ƙofar rumfa. A gabansu ya juya wurin ƙanensa ya ce, "Tun kana yaro ba ka taɓa riƙe abu ya yi albarka ba. Ranar da muka binne Baba, da kai muka binne, da na huta."

Irmiya ya ɗauki baronsa ya fita.

Kashegari Habila ya ɗaura injin a babur ya kai gari wurin mai walda. Aka sha wahala kafin a ciro guntun notin, aka liƙe murfin da ƙyar. Sauran notunan kuwa, mai waldan ya jiƙa su da mai, washegari suka kwance ba gardama, farfelar ma da aka wanke ta sai ta juya. Kafin injin ya dawo, yawancin dashen ya ƙone. Wurin da aka liƙe kuma bai daina yoyo ba.

Da Habila ya dawo gida ya tarar Irmiya ya ja danga a tsakar gida, ya huda wa kansa wata ƙofa ta baya. 'Ya'yansu suka daina cin abinci a kwano ɗaya. A majami'a, Irmiya ya bar bencin da suka saba zama tare ya koma can baya. Da farko Habila ya ƙara husata, yana cewa mai laifi ne yake yin fushi. Ya yi kwanaki yana ƙirga wa matarsa laifofin ƙanensa. Rannan Afiniki ta gaji, ta ce masa, "Maigida, injin ya ɓata maka, gaskiya ne. Amma kai mutuwa ka roƙa masa, a gaban mutane."

Maganar ta tsaya masa a rai. Ya yi ta juya ta har ya kasa cin tuwo. Da maraice ya zaga ta sabuwar ƙofar, ya yi sallama. Irmiya ya fito, ya gaishe shi da ladabi kamar yadda ake gaida baƙo. Habila ya ce ya zo ne a kan maganar da ya faɗa, bakinsa ne ya yi saɓo, a gafarta masa.

Irmiya ya ce, "Yaya, injin ya tashi?"

Habila ya ce ya tashi.

"To, madalla," in ji Irmiya. "Ni dai har yanzu ina jin maganar nan a kunnena. Ka ba ni lokaci." Ya koma ciki, ya bar yayansa tsaye a waje.

To, 'yan'uwa, ma'anar wannan misali ba a ɓoye take ba. Injin nan shi ne zumuncin da Allah ya ba mu amana, tsakanin wa da ƙane, miji da mata, iyaye da 'ya'ya. Tsatsar ita ce laifin da aka yi mana. Ku lura, laifin Irmiya na gaske ne, ba wanda ya ce Habila ba shi da dalilin jin zafi. Amma tsatsa ba ta fasa murfi ba, guduma ce ta fasa shi. Gudumar kuwa ita ce harshen mutum sa'ad da zuciyarsa take tafasa. Kananzir da mai su ne haƙuri da addu'a da magana mai laushi, kwanan da noti yake yi kuma shi ne jiran da Ubangiji yake so mu yi kafin mu buɗe baki.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, Habila ya san duk wannan. Mu ma mun sani. Muna koyar da shi ran Lahadi, muna rera shi a waƙa, ran Litinin kuma mu zagi matanmu a gaban yara. Akwai mutum a cikinmu da zai yi yini guda yana lallashin tsohon babur, amma ba zai iya ba ɗansa minti kaɗan ya gama bayani ba. Wannan abin kunya ne a gidan masu bi. Ubangiji Yesu bai ɗauko mana guduma ba, ko da yake tsatsarmu ta fi ta kowane ƙarfe.

Saboda haka, in an yi maka laifi, ajiye abin da ke hannunka, rufe bakinka, ka bar maganar ta kwana a gaban Allah. Kai kuma da ka riga ka fasa, kada ka zauna kana jira wancan ya fara zuwa. Tashi ka je yau. In bai buɗe maka ba, gobe ka koma.