Ruwan Majemi a Randar Alhamis

An ce wai a wani zamani, a garin Rafin Ɗinya, akwai wata majalisa da ake zama kowace Alhamis bayan la'asar a ƙofar masallaci. Al'adarsu ita ce kowa ya zo da ruwan rijiyar gidansa a ƙwarya ya juye a babbar randa. Sai a yi karatu, a tattauna sha'anin zuciya da na lahira, mai damuwa ya amayar da damuwarsa a ba shi haƙuri. Daga ƙarshe kowa ya tofa addu'a a randar, a raba wa masu majinyaci a gida.

To, akwai wani majemi, Cindo, da bai taɓa zuwa ba. Ba don ƙin alheri ba, a'a, ya dai san warin jima ba ya barin jikinsa ko ya ƙarar da sabulun kasuwa. Ana nan sai matarsa Tabawa ta kwanta, zazzaɓi ya cinye ta har ba ta iya ɗaga kai. An yi saiwa, an yi sassaƙe, shiru. Ta ce masa ita ba abin da ranta ke so sai ruwan majalisa. Tsoron rasa ta ya fi ƙarfin kunyarsa. Ya yi wanka, ya zura rigarsa ta Juma'a, ya je ya juye ruwansa a randa, ya raɓe can gefe.

Ai kuwa Sambo mai turare, mutumin da hancinsa ya fi zuciyarsa aiki, ya miƙe yana toshe hanci. Ya ce ruwa ya ɓaci, sai a zubar, a kori mai jima, don wurin Allah ba majema ba ne. Wasu suka goya masa baya, wasu suka sunkuyar da kai. Cindo ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, amma bai motsa ba, don in ya koma da ƙwarya wayam me zai ce wa Tabawa?

Da gardama ta yi tsawo, aka juya ga Alƙali Ɗahiru, dattijon da ke zaune kusa da liman. Ya tambaya majema nawa ne a garin. Aka ce Cindo ne kaɗai, shi ma gadon ubansa ya yi.

Alƙali ya ce, "Na ji ƙararka, Sambo, kuma na karɓa. A fitar da shi. Sai dai adalci ba a yin rabinsa: duk abin da ya bi ta hannunsa, ya bi shi."

Ya sa kowa ya tashi daga kan buzunsa, aka tara buzayen a gaban Cindo. Ya sa aka kwaso takalman bakin ƙofa. Ya nuna gafakar fatar da liman ke ajiye Alƙur'ani a ciki, liman ya rungume ta yana girgiza kai. Manyan gari suka yi cirko-cirko ba takalmi, ba wurin zama.

Sannan ya ce, "Saura ruwa. Wanda bai jawo nasa da gugan fata ba, ya zo ya ɗebe kayansa daga randa, mu zubar da sauran."

Ba wanda ya matso. Shi kansa Sambo da gugan fata ya jawo nasa. Can sai ya tako ba takalmi, ya karɓi ƙwaryar Cindo, ya nemi gafararsa a gaban kowa.

Aka mayar da buzaye, aka zaunar da Cindo a tsakiya, aka yi karatun da ba a taɓa yin mai daɗinsa ba. Kowa ya ambaci sunan Tabawa kafin ya tofa, kuma Sambo da hannunsa ya cika ƙwaryar farko. Cindo ya nufi gida yana hawayen murna, yana tafe a hankali kada ko ɗigo ya zube. Cikin ikon Allah, kafin wata Alhamis Tabawa ta tashi, har ita ta jawo ruwan da ya kai majalisa.

Masu hankali suka ce: kada ka kori mutum daga wurin neman rahama alhali da aikin hannunsa ka iso wurin.