Layu Masu Tafiya

Ga ta nan, ga ta nanku, 'ya'yan nan.

Ta zo mu ji ta, Iya!

To, mai gyangyaɗi ya tashi ya ba ni wuri.

An yi wata mata, sunanta Yalwa. Uwarta ta rasu ta bar mata bishiyar lalle uku a bakin rijiya, kore shar rani da damina. Duk amaryar garin da lallen nan ake mata ƙunshi.

Ran nan sai ta ga 'yan jakunkuna rataye a rassan, an saƙa su da tsinkaye, an jera tsaf, ba ɗinki ba ƙulli. Ta riƙe baki ta ce, "Ikon Allah! Wane gwani ya yi wannan?"

Sai murya daga ciki: "Kada ki taɓa, kada ki taɓa! Layu ne mu, uwarki ta rataya mu."

Ashe tsutsa ce ta saƙa ɗaki ta shige. Amma wa zai tsinke layar uwa? Yalwa ta rusuna ta wuce.

Bishiyar fari ta koma ƙirare. Yalwa ta miƙa hannu.

"Kada ki taɓa, kada ki taɓa! Tsaro muke yi."

Ta biyu ma ta bushe.

"Kada ki taɓa, kada ki taɓa!"

Ruwan fari ya sauka. Da hantsi Yalwa ta fito, ta tsaya cak. Bakin jakunkuna ya buɗe, 'ya'yan tsutsa na zubowa a kan zare mai ƙyalli, sun fi ƙarfin ƙirga. Iska ta kwashe su, sama ta cika da zare kamar ana ruwan azurfa. Suka sauka kan bishiya ta uku. Kowace ta saƙa 'yar jakarta, ta goya, tana tafiya tana gaigayar ganye.

Yalwa ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "Tsarki ya tabbata ga Mai halitta! Amma uwata ba ta rataya laya mai haihuwa da ci ba."

Ta ɗauko kasko ta shiga tsinka, reshe reshe.

Tsutsa ta ce, "Baiwar Allah, watsar da mu ƙasa ma ya isa."

"Ƙasa? Ku sake hawa? Ai yau sai murhu."

Ta juye su a wuta. Bishiya ta uku ta yi toho. Biyun kuwa har yau ƙirare ne.

Ku ji ni da kyau. Abu in yana cin gadonku, ko da sunan uwarku ya rantse, ku buɗe shi ku duba.

Ƙurunƙus, kan tsutsa cikin toka! Kowa ya kakkaɓe tabarmarsa.