Ma'aikacin da Bai Koma Ofis Ba

Akwai wani mutum mai suna Habila, ma'aikacin wani ofis a birni. Shi kaɗai yake zaune, gama matarsa ta rasu, 'ya'yansa kuma suna karatu a nesa. Shekara goma sha ɗaya teburinsa yana kusa da na wani dattijo, Baba Istifanus. Tare suke cin abincin rana, suna gardamar ƙwallo.

Sai annoba ta zo, aka ce kowa ya yi aikinsa daga gida. Habila kuwa ya ji daɗin haka, babu cunkoson hanya, babu mai katse masa aiki. Da annobar ta wuce, shugabansu ya ce mai son dawowa ya dawo, mai son zaman gida ya zauna. Habila ya zauna. Aikinsa bai taɓa makara ba, ba a kuma sami kuskure a ciki ba.

Amma yakan yini bai yi magana da kowa ba, sai mai sayar da burodi. A gaban kwamfuta yake cin abincinsa. Saƙonnin abokan aiki suka yi masa yawa a waya, har ya daina buɗe su.

Baba Istifanus yakan kira shi ya ce, "Ƙanena, ka leƙo mu mana."

Shi kuwa ya ce, "Baba, ai muna gaisawa. Sai na sami sarari."

Kiran ya ragu, daga baya ya tsaya. Habila bai lura ba.

Bayan shekara biyu aka buƙaci ya zo ya sa hannu a wata takarda. Maigadin ƙofa sabo ne, bai san shi ba, sai da ya nuna katinsa. Da ya shiga, ya tarar da wani baƙo a kujerar dattijon. Ya tambayi Rifkatu, magatakardar ofishin, ina Baba ya koma.

Ta dube shi, ta ce, "Ashe ba ka ji ba? Wata huɗu ke nan da muka binne shi. Mun aika saƙo. A asibiti sau biyu ya tambaye ka."

Habila ya sa hannu a takardar, ya fita, ya zauna a kan matakala. Mutane suna ta wucewa, ba wanda ya san sunansa.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Yin aiki daga gida ba zunubi ba ne, Habila kuma bai cuci kowa ba. Ya ba ofis aikinsa, amma ya hana mutane kansa. Haka waɗansunmu suka yi da ikilisiya: tun lokacin annoba a waya suke jin wa'azi, suna cewa ai Maganar ɗaya ce. Gaskiya ne, ɗaya ce. Sai dai waya ba za ta nuna maka ɗan'uwanka ya rame ba, ba kuwa za ta riƙe hannun marar lafiya a madadinka ba. Ubangiji bai kira mu mu bi shi kowa a ɗakinsa ba.

Ku da kuka zo yau, ku dubi bencin da kuke zaune. Wa ya saba zama a nan, ba ku kuma ƙara ganinsa ba? Kafin ku isa gida, ku bi ta ƙofarsa.