Ginshiƙai Shida a Tsakiyar Kogi

An taɓa yin wani mutum, ya 'yan'uwa, da ya shekara ashirin da huɗu a kujerar sanata. Sau shida ana zaɓensa, duk a kan alkawari ɗaya: gada a kan kogin da ya raba garinsu da asibiti.

Duk zaɓe sai ya kwaso 'yan jarida zuwa bakin kogi, ya ɗauko cokalin magina da ke ajiye a but ɗin motarsa, ya shafa siminti, a tafa. A kafa ginshiƙi ɗaya cikin ruwa, a kwashe kayan aiki. Ginshiƙai shida, ba mai hawa sai tsuntsaye. Kuna tsammanin kasawa ya yi? Ina! Da bakinsa ya ce wa direbansa, "In na gama gadar nan, da me zan sake neman ƙuri'a?"

Mahaifiyarsa tana can tsallaken kogin, ta ƙi barin ɗakinta. Ta sha ce masa, "Ɗan nan, ka ji tsoron Allah. Masu naƙudar da ke mutuwa a kwalekwale, ni ke zuwa gaisuwarsu." Sai ya yi dariya ya ce, "Inna, zaɓe mai zuwa."

Wata safiya da damina ƙanwarsa ta bugo waya tana kuka: numfashin Inna yana sarƙewa. Ya taso da likita da motar asibiti, jiniya na tashi, har bakin ruwa. Nan kowa ya ja birki. Kogi ya cika ya batse. Ya kira wannan, ya kira wancan. To, wa ke ba ruwa umarni?

Can sai ga kwalekwale ya taso daga tsallake, Inna a kwance, ƙanwarsa ta tallafe mata kai. Mai fito yana ta fama. Da suka kai tsakiya, ruwa ya fizge su. Sanata ya faɗa ruwa har gwiwa da babbar rigarsa yana ihu, "Kauce! Kauce wa ginshiƙin!"

Kwalekwalen ya daki siminti, ya kife.

"Igiya! A kawo igiya!" Direba ya buɗe but. Ba komai ciki sai cokalin nan.

Masunta suka tsamo ƙanwar da mai fito. Inna kuwa sai bayan kwana biyu aka samu gawarta. A wurin zaman makoki ƙanwar ta dube shi ta ce, "Yaya, ginshiƙin zaɓen bara ne." Daga ranar bai ƙara taka zauren majalisa ba. Kullum yana bakin kogi yana magana shi kaɗai, abin tausayi wallahi.

Ya 'yan'uwa, wanda ya mai da wahalar mutane matakalar kujerarsa, ya sani nasa ma ta wannan ruwan za su bi. Ni da ku, alkawarin wa muka ƙi cikawa don a ci gaba da roƙonmu?

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya ba mu ikon cika abin da bakinmu ya ɗauka. Amin.