Agogon da Ke Jiran Mutum na Uku

Akwai wani ɗan wasa a nan garin Paipa, Wílmer Cuastumal, wanda tunda aka haife shi ba wanda ya taɓa riga shi isa ko'ina. Har layin karɓar abinci.

Sana'arsa tseren nan mai hawa uku: iyo a tafki, sai keke, sai gudu. Ya iya, ba mai musu. Matsalar dai shi ma ya sani.

A wata shekara, kulob ɗinsu na can ƙasan teburi. Kamfanin madarar da ke ɗaukar nauyinsu ya faɗa musu ƙarara: in suka faɗa rukuni na biyu, kowa ya nemi abin yi. Saura tsere ɗaya, gasar ƙungiyoyi ta ƙasa.

A wannan gasar ana tashi tare, kuma agogo ba ya tsayawa sai mutum na uku ya ƙetare layi. Shi ya sa ake tafiya a dunƙule. A kan keke mai ƙarfi ke shiga gaba ya tare wa sauran iska, a gudu kuwa doka ta yarda ka dafa bayan wanda ya gaji ka tura shi.

Mai horar da su, Profe Amparo, ta sake tuna wa Wílmer wannan da safe tana zuba musu ruwan mazarƙwaila mai zafi. Ta ce ya riƙe Dairo, ɗan shekara talatin da takwas mai gwiwa ɗaya da rabi.

Wílmer ya ce, "Profe, ni ɗan tsere ne, ba motar asibiti ba."

Dairo ya ce, "Yaro, lokacin da nake cin gasar nan kana koyon iyo a baho."

"Shi ya sa, kawu. An kwana biyu."

Su huɗu ne a ƙungiyar, suka fito daga ruwa tare. A kan keke tayar ɗayansu ta fashe, suka rage uku cif: Wílmer, Dairo, da wani siriri, Eliécer. Ana fara hawan tudu Wílmer ya hango mai zaɓar 'yan wasan ƙasa a bakin hanya da littafinsa. Ya miƙe kan keke ya tafi, ya bar wa mutum biyu iskar.

Shi ya fara isa, hannuwa sama. Ya tsaya minti huɗu a ƙarƙashin agogo, agogon na ta aikinsa.

Saura kilomita biyu gwiwar Dairo ta ƙi. Eliécer ya dafa bayansa yana turawa, shi kansa yana tangaɗi. Dairo ya ƙetare layin da rarrafe. Da daƙiƙa goma sha ɗaya suka rasa matsayin da zai tsirar da su.

Kulob ya faɗi, kamfani ya cika alkawari. Likita ya ce jijiyar ta tsinke, Dairo da gudu har abada. Yanzu cuku yake sayarwa a bakin titin Tunja, a zaune.

Mai zaɓar 'yan wasan ya kira Eliécer.

Wílmer kuwa ya samu aiki a wurin wankan ruwan zafi na wani otal, yana koya wa tsofaffi iyo. Darasi ba ya ƙarewa sai na ƙarshensu ya fito daga ruwa.

Darasi: In aikin na taro ne, isarka kai kaɗai ba isa ba ce, kuma sau da yawa wanda ka bari a baya shi ke shan wahalar girman kanka kafin kai. Ku tura wa gwanin da kuka sani. Zai karanta, ya ce da wani ake.